Gidan 'Yan Gudiro

A bayan garejin ma'aikatan hanya, a Tawa,
inda yanzu wani yaro ke cajin waya dala ashirin,
nan ne muke da gida.
Katanga huɗu, rabin rufi, benci goma sha ɗaya,
na sha biyun mun ji ɗumi da shi wata shekara.

Asabar ɗin ƙarshen wata ake cika.
Mu zo da gudiro a ƙarƙashin farce,
sabulu ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya haƙura.
Kowa da jika biyu a aljihun gaba,
sauran mun kai gida, in ji mu.

Bizo ɗan kama ke buɗe fage,
tumbi kamar randa, takobin icce a kafaɗa,
ya yi wa tuwo kirari har ƙosasshe ya haɗiyi yawu.
Can sai ya ari tafiyar Shef Alkasum,
hannu a baya, biro a kunne, tari kafin magana:
"An yanke maka kwana uku."
Wani dare Shef na zaune a benci na biyu.
Muka danne dariya har haƙarƙari ya yi tsami.
Ya miƙe, ya yi tari,
ya liƙa wa Bizo dala ɗari a goshi.
Ran Litinin ya yanke mana kwana guda, mu duka.

An yi wani mai rufa-ido daga Ƙwanni,
ya karɓi agogon Nomau direban gireda,
ya jefa a hula, ya fito da ƙwai.
Muka tafa.
Nomau ya rasu yana jiran kashi na biyu.

Sai Tsahara.
Giɓi a baki, zane ɗaya na fita,
murya kamar ƙyauren da ya manta mai,
amma in ya buɗe, kowa ya shiga.
Kadade na bayanta da gurmi, ido rufe.
Attajirai ba su san hanyar nan ba,
saboda haka mu take kira, kowa da ƙarfensa:
Cifkau mai tankar ruwa, Asumana na shebur,
har da ni, mai ɗaga jan ƙyalle a kilomita sittin
don motocin Arlit su rage gudu.
Wa ya taɓa jin an wasa mai ƙyalle?
Sati guda na yi ina taka ƙasa a hankali.

Watan da rola ta kwanta kan Ganda kusa da Abalak,
ta fara sunansa ke nan, injin wuta ya mutu.
Ba wanda ya ce a tashi.
Direbobi suka fita ba shawara,
suka juyo hancin kamyo uku zuwa ƙofa,
suka kunna fitilu.
Inuwarta ta haye katanga ta wuce rufi.
Ta kira shi da mahaifiyarsa, da garinsu,
da bashin goron da yake bin rabinmu.
Ƙwaryar da ta zagaya ta cika har ta zuba.
Ba ta taɓa ko dala ba.
Da safe ta aika da ita Bilbis, gidan matarsa.

Daga baya talabijin ta shigo, aka juya mata benci.
Aikin hanya ya koma hannun 'yan kwangila,
mu kuma aka ba mu takarda da hatimi.

Bara na ga Kadade a kasuwa yana auna irin albasa,
yatsun sun lanƙwashe kamar ƙugiya.
Ya ce, "Wane benci?" Na ce na uku, gefen randa.
Ya ɗan ƙwanƙwasa bakin tiya sau huɗu,
sai mai saye ya zo.

Yaron nan ya ce babu waƙar da wayarsa ba ta da ita.
Na ba shi sunan, ya rubuta, muka jira.
Ya ce, "Baba, ko dai ba haka ake rubuta shi ba?"